Na Cire Hannunka Daga Manhajar, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Ɗahiru. Gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta. Ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Inna lafiya lau, Wudil ma tana nan yadda ka bar ta.

Labarin manhajar nan taka zan ba ka, wadda ke ɗaure sauran manhajoji ƙunshi guda, malaman makaranta su sauke a kwamfutocinsu. Tun rasuwarka ni ke kula da ita.

Ka tuna yadda take yi da haruffa masu ƙugiya? Ta ga ƙ ko ɗ, sai ta tofar da alamar tambaya. Malamin nan na Ɗankaza ya yi ta mita, wai an mayar da garinsu tambaya. Kai kuma maganinka shi ne ka yanke ƙugiyoyin duka, ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Ina tsiya, kana dariya kana cewa, «Bahaushe zai gane.» To na gyara. Ashe tun wajen buɗe fayil take ɗaukarsa da tsarin haruffan Turanci zalla. Layi kaɗan ne, Yaya, ƙiwa ce kawai ta hana ka.

Ɗaya aikin ne ya yi mini nauyi. Ɓangaren da ke karanta bayanan ƙunshi, wanda ka rubuta da hannunka kana zaune a tabarmar tsakar gida, an gano yana da ɓaraka. Halinka ya ɗauko: duk wanda ya yi sallama sai ya ce shigo. Mugu zai iya cusa umarni cikin fayil, ya kwashe abin da ke kwamfutar bayin Allah.

Na daɗe ina kewaye-kewaye, ina liƙe nan ina toshe can, don kawai kar in goge. A ciki har da 'yan bayananka na zolaya, inda ka rubuta, «Kar ki taɓa nan, Hajara.» Ina buɗewa sai in ji muryarka. Wallahi na yi kewarka.

Jiya na taɓa. Na cire shi gaba ɗaya, na sa wani da masana suka tantance. Gara in rasa rubutunka da a cuci wani ta hanyarsa, haƙƙi ya bi ka inda ba ka da bakin neman yafiya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa abin da ya rage na aikinka ya zame maka sadaka mai gudana.

Taka ƙanwa mai taurin kai,
Hajara