Tiyon da Ake Miƙa wa Ɗana a Gidan Bulo

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ba ta zaga dangi ba.

Ni matar aure ce, yarana huɗu, maza biyu mata biyu. Mijina leburan gini ne. Bara ya faɗo daga saman gini bayansa ya taɓu, yanzu ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa. Da abin ya faru yayansa ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ban manta wannan alheri ba. Shi yana da gidan bulo a bakin titi. Sai ya ce maimakon yara su zauna suna kallon ubansu a kwance, a ba shi mazan su riƙa taya shi aiki, su koyi sana'a, abincin ranarsu a wuyansa. Babban shekararsa goma sha uku, ƙaramin tara. Da farko sai an tashi makaranta suke zuwa. Daga baya ya zama sai aiki ya yi sauƙi suke leƙa makarantar, aikin kuwa bai taɓa yin sauƙi ba. Jakar littattafan ƙaramin yanzu albasa nake ajiyewa a ciki.

Aikinsu ɗaukar ɗanyen bulo ne. Inji ya buga, su biyu su ɗaga shi a kan katakonsa su kai filin shanya, su dawo da gudu kafin wani ya fito. Ɗanyen bulo kuwa ba ya son girgiza, kina yin tuntuɓe ya ruguje. Siminti ya cinye musu hannu, tafin ƙaramin duk ya tsattsage, miya na taɓawa sai ya yi ta yarfa hannu. Ga tari da ya ƙi barinsu. Duk wannan na gani na haɗiye, ina cewa wahala ce ta ɗan lokaci.

Makon jiya na zo cire wa ƙaramin riga zan yi masa wanka, rigar ta ƙi fita, ta manne a bayansa. Da na jiƙa na ɓamɓare, bayan duk shati-shati, wasu sun fashe, wasu sun fara baƙi. Kunnensa na hagu yana fitar da ruwa. Ashe shi ya sa in na kira shi ba ya juyowa, ni kuma ina ta cewa ya fara raina ni. Na tsare shi, da ƙyar ya ce yayansa ne, wato babban ɗana. Anti, ban tsaya tambayar komai ba. Na jawo muciya na rufe babban da duka a tsakar gida, na dake shi har muciyar ta karye a kafaɗarsa, leɓensa ya fashe jini ya ɓata masa gaban riga. Bai gudu ba, bai kare ba, ko kuka bai yi ba, ya dunƙule kawai irin na wanda ya saba. Ganin haka ne ya tsayar da ni.

Ina zaune ina haki ya buɗe baki. Wai baffansu mai gidan bulon ba ya taɓa yaro da hannunsa, yana cewa shi dattijo ne, bai kamata a gan shi yana fama da yara ba. Akwai guntun tiyo da aka yanko daga wanda ake ba bulo ruwa da shi, yana rataye a jikin injin. Duk yaron da ya fasa bulo, sai a miƙa tiyon ga abokin ɗaukarsa ya zane shi, baffan yana zaune kan buhun siminti yana kallo. In ya ga an sassauta hannu, sai ya kira mai injin, wani ƙaton saurayi, ya haɗa su biyun ya zane, shi kuwa ba ruwansa da inda tiyo zai sauka. Mai injin ne ya sami kunnen ƙaramin, ranar da babban ya ƙi karɓar tiyon. Tun daga ranar bai sake ƙi ba. Ya dube ni da fasasshen leɓensa ya ce, "Umma, in ni na dake shi na san inda zan sauke. Ba na taɓa kansa."

Na yi wa mijina magana, ya juya fuska bango ya ce shi ma da duka ya koyi aiki, kuma in muka ɓata wa yayansa rai ina za mu kwana. Surukata ta ce ɗa ai na baffansa ne, in daina shiga tsakanin jini. Ni kuwa ina ganin abin da ɗakina ke komawa. Ƙaramin ba ya yarda ya zauna kusa da yayansa, kwano ɗaya ma sun daina ci. Shekaranjiya autata ta kifar da kofin ruwa, sai na ga ƙaramin ya ninka igiyar shanya biyu ya miƙa wa yayarta, wai ta zane ta.

Ba zan ɓoye miki ba, na sha ɗaukar taɓarya in kai bakin ƙofa, niyyata in je in farfasa bulon nan ɗaya bayan ɗaya, in baffan ya yi magana in haɗa da kansa. Tunanin ɗakin ke dawo da ni. Yau ma da safe sun tafi ina kallo. In na hana su mun rasa wurin kwana, in na bar su ban san me zai dawo mini gida ba. Yaya zan yi?

Daga uwar masu ɗaukar bulo

'Yar'uwata, fara ajiye taɓaryar nan. In kika fasa masa kai ke za a tafi da ke, yara su wayi gari uwa a tsare uba a kwance, kuma kin san hannun da za su koma.

Ban raina alherin yayan mijinki ba, ban kuma ga laifin mijinki da yake tsoro ba. Mutumin da ke kwance a ɗakin wani bakinsa nauyi gare shi. Yaro ya taya babba aiki daidai ƙarfinsa bayan makaranta, wannan tarbiyya ce. Amma ɗan shekara tara da ke gudu da ɗanyen bulo daga safe zuwa yamma ba sana'a yake koyo ba, lebura ne aka samu a sauƙaƙe. Ɗakin nan da kike tsoron rasawa ba kyauta kuke zaune a ciki ba, da bayan yaranki ake biyan hayarsa.

Gobe kada su je. Ki kai ƙaramin asibiti, kunnen da ke ruwa bayan duka ba ya jira, kuma kada ki ɗiga masa komai da kanki. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, a duba tarin, a duba kafaɗar babban ma. Da kun dawo ki ɗaga rigar yaron a gaban ubansa, jin labari daban gani daban. Sannan ki nemi wani babba a dangi wanda baffan ke jin kunyarsa, shi ma ki nuna masa, shi zai isar da saƙon cewa yara za su koma makaranta. Ba zagi, ba gori. Tun yanzu kuma ki sanar da naki dangin, a san inda za a sa kai in ya ce ku tashi, a kuma taya ki da abin da za ki fara juyawa don abincin ranar da za a rasa. In ya tsaya kan bakansa, ki je ofishin da ke kula da walwalar yara a yankinku. Tiyon yana nan rataye, kuma akwai 'ya'yan wasu a wurin.

Saura babban yaronki, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. An ba ɗan shekara goma sha uku zaɓi tsakanin ya daki ƙaninsa ko ya tsaya yana kallo a kurmantar da shi. Ya zaɓi wanda ya ga ya fi sauƙi, ya riƙe abin shi kaɗai, ya dawo gida ya sha muciya a kai. Ki kira shi ki ba shi haƙuri da bakinki, girmanki ba zai ragu ba. Ki zaunar da ƙaramin a gabansa ki bayyana masa dalilin da yayansa ke karɓar tiyon. Kada ki tilasta musu shiri, zai zo a hankali. In likita ya ba da maganin shafawa, ki miƙa wa babban ya shafa wa ƙaninsa a baya. Ya san wuraren duka, ba sai an nuna masa ba.

Allah ya ba maigida lafiya, ya mayar wa ƙaramin jinsa, ya nuna miki ranar da za su koma kwano ɗaya.