Turakun Ɗakin Uwaisu

Ebute Metta, Ikko
Satumba, 1947

Zuwa ga Yaya Batulu, a Zariya,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Ta'aziyyar ɗana Uwaisu da kika aiko ta iso. Allah ya ba da lada. Muna haƙuri gwargwadon iko, ban kuma fasa zuwa ofishin reluwe ba.

Shawara nake nema. Mai gidan da muke haya ya ba mu wa'adin tashi, kuma gidaje biyu ne a gabana. Na farko ƙarami ne, ɗaki biyu, a nan kusa da tasha. Idan aka mayar da ni aiki Arewa, sayar da shi ba zai yi wuya ba. Na biyu shi ne na Agege, mai fili da rijiya da itatuwan goro, gidan zama har tsufa.

Raina ya fi karkata ga ƙaramin, amma ba don hikima ba. Kafin azumi na je duba gidan Agege tare da Uwaisu. Magini ya kafa turaku a inda za a gina masa ɗaki in ya zama saurayi, yaron da kansa ya riƙe igiyar awo. Bai ga Sallah ba. Turakun suna nan har yau. Tun daga ranar nake tsoron duk abin da za a auna wa yaro domin gobe.

Matata Mero kuwa cikinta ya tsufa, ta ce ba za a sake binne mabiyiyar ɗanta a gidan da za a bari ba. Ta Uwaisu a gidan haya aka binne, tsofaffin unguwa suna ce mata shi ya sa bai zauna ba. Na nuna mata cewa maganar ba ta da tushe, ko a addini ko a wajen likita. 

Ƙaninki mai biyayya,
Sa'idu

Zariya

Zuwa ga Sa'idu,

Bayan gaisuwa da addu'a. Malam Ali ne yake rubuta mini, na kuwa ce kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Kai Sa'idu, turke ne ya kashe yaro? Ka yi boko har ka iya hana mace camfinta, kai kuma ka je ka ƙulla naka da igiyar magini! Zancen dawowa Arewa kuwa, tun ina tauna rake da haƙorana kake yin sa. Ka bar yarinyar mutane ta binne abinta inda za ta riƙa ganin wurin.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Na sa an karanta mini takardarka har sau biyu. Ka ambaci mamaci, ka ambaci na ciki, ka ambaci rijiya da goro. Ina Ruƙayyatu? Ni na goye ka, na san shirunka. Ka gaya mini abin da ya sami 'yarka.

Allah ya tsare. Ka gaida Mero.
Yayarka, Batulu

Ebute Metta
Oktoba, 1947

Yaya,

Gaisuwa da ban-girma. Ban ambace ta ba domin tana tari. Da irin sa na Uwaisu ya fara, busasshe, da asuba. Na ɗauki alƙalami zan rubuta sunanta a wancan karon, hannuna ya ƙi.

Likita ya ce ba lallai ciwon ya zama iri ɗaya ba, sai dai a raba ta da danshin bakin fadamar nan ba tare da jinkiri ba. Ƙaramin gidan a layi ɗaya yake da namu, bangonsa ma jiƙe yake. Saura Agege ke nan, inda turakun suke, inda kuma maƙabartar da muka kai Uwaisu ba ta da nisa. Jiya ta ce mini, "Baba, in mun koma can, ni ma za a auna mini ɗaki?" Na ce mata ta sha maganinta.

 Yaya, gobe zan je a shaida cinikin gidan Agege. Ki sa a yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Sa'idu

Agege
Nuwamba, 1947

Yaya,

Gaisuwa. Mero ta sauka lafiya, namiji. An binne mabiyiya a gindin goron da ke bayan ɗakinta.

Tarin Ruƙayyatu na rana ya tafi, na asuba yana nan. Ragon suna ya iso ina wurin aiki, yarinyar ta rasa inda za ta ɗaure shi, sai ta ɗaure a ɗaya daga turakun Uwaisu. Na dawo na gani, na daɗe a tsaye. Ban kwance ba.

Magini ya zo tambayar ko a fara ginin. Na ce ya dawo bayan suna, ya kuma zo da igiyarsa.

Ƙaninki,
Sa'idu