Tsagar Bagobiri a Ɗakin Sanyi

Vénissieux, Oktoba 2006

Zuwa ga bawana Sabi'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma Paris lafiya. Yaya aikin jarida, yaya gajiyar hanya? Fatsima na gaishe ka. Ta ce tuwon da ka rage a tukunya ko kyanwa ba zai isa ba. Na ce mata ta yi haƙuri, haka Katsinawan Maraɗi suke, tun kakanni mu Gobirawa ke ciyar da ku.

Da ka ɗauki hirarmu a kaset ka tambaye ni ko ka rubuta, na ce sai na yi tunani. To, rubuta. Duk abin da na faɗa haka yake. A wannan ma'ajiyar nama da kifi da nake aiki, baƙar fata da Larabawa kaɗai ke shiga ɗakin sanyi. Turawa suna kan injin ɗaukar kaya ko a buro, wato ofis. Su a sama suke shan kofi, a ɗaki mai taga. Mu a ƙasa, jikin injin frigo mai ba da sanyi, inda sai ka yi ihu na gefenka ke jin ka. Babu allon da ya ce haka, ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Ranar da ka fara aiki a nuna maka ƙofarka, shi ke nan. Mamadu ɗan Mali, wanda sanyi ya cinye wa yatsu biyu, ya dawo daga asibiti ya roƙi a sa shi kan inji. Aka ce ba gurbi. A satin aka ɗauki wani Bature.

Ni abin ya daina damuna. Digirin da na yi a jami'ar Bron, nan kusa da Lyon, na cikin akwati, ina shiga sanyi ina fita, ba na tuna komai. Don Mamadu na yarda.

Sharaɗina ɗaya: kada a gane ni. Takardun zamana a kan wannan aiki suke, kuma a Yuni za a sabunta su. Fatsima na da ciki.

Ka huta lafiya. Ubangidanka,
Ilya

*

Paris, Disamba 2006

Ilya, bawan gidanmu,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina gaida Fatsima da jiki, Allah ya raba lafiya.

Bon, ga yadda aka yi. Na fara kai labarin manyan jaridu. Akwai wani edita da ya san lambata sarai, don duk ranar da aka ƙona mota a unguwannin baƙi ni yake kira in riƙe hannun ɗan rahotonsa in kai shi, in fassara, in dawo da shi lafiya, sunana kuma ba ya fita ko a ƙasan shafi. Ya karanta a tsaye. Ya ce, “C'est fort, Sabi'u, labari ne mai ƙarfi, amma doka ta hana wariya a ƙasar nan. Kawo mini inda aka rubuta.” Na ce ai labarin ke nan, ba a rubuta ba. Ya ce na cika kusa da maganar, da wani ne zai fi iya kallonta da sanyin rai. Na san wane ne wanin. Sauran ma ba su amsa ba.

Sai muka buga a tamu jaridar, Escalier B, wadda ni da Fatou, abokiyar aikina 'yar Senegal, muke haɗawa a bayan wani shagon waya a Goutte d'Or. Shafin farko muka ba shi, da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro. Ta ƙare a kasuwar Barbès kafin la'asar, abin da ba mu taɓa gani ba. Wani gidan rediyo ma ya karanta rabinsa.

Ga kwafi ɗaya na sa maka. Kwantar da hankalinka, na mai da kai Al-Amin, na ƙara maka shekaru, na ce ba ka da aure. Uwarka ma ba za ta gane ka ba. Amma duba sakin layi na biyu, na bar maka 'yar tsaraba. Ba zan rubuta shafi guda a kan Bagobiri in bar shi ya tafi haka nan ba.

Sai na ji daga gare ka.
Sabi'u

*

Vénissieux, Janairu 2007

Sabi'u,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, Fatsima ma da sauƙi.

Na ga tsarabar. “Mai ba ni labarin yana da tsaga a kumatu biyu, irin ta wasu mutanen ƙasarmu da suka fi kowa cin gero da cika baki.” Na yi dariya da na karanta, ba zan ɓoye maka ba. Har na nuna wa Fatsima. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi takardar, ta dubi fuskata, ta shiga ɗaki.

Ranar Litinin shef, shugabanmu na wurin aiki, ya aiko a kira ni sama. Karo na farko ke nan da na taka wannan bene. Tagar na kallon wurin ajiye motoci ne kawai, ashe. Jaridar na kan tebur. Ya karanta layin a hankali, ya ɗago ya dubi kumatuna, na dama sannan na hagu. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in ajiye rigar sanyi da safar hannu, in zauna gida sai an neme ni.

A Maraɗi in ka ce mai tsagar Gobirawa, rabin kasuwa ne zai waiwayo. A nan, daga unguwarmu ta Minguettes har bakin kogi, ni kaɗai ne. Na san ba ka tuna da haka ba. Ni ma da na karanta ban tuna ba.

Fatsima ta ce in kira ka in zage ka. Na ce mata a gidanmu ba a fushi da abokin wasa a kan wasa. Gaskiyar ita ce ko da an halatta, na duba cikina ban samu fushin ba. Ina tashi da asuba kamar kullum, in yi salla, in zauna bakin gado.

Ka gaida Fatou.
Ilya

*

Paris, Fabrairu 2007

Ɗan'uwana Ilya,

Ina gaishe ka, ina gaida Fatsima in za ta karɓa.

Na karanta wasiƙarka a jirgin metro, na wuce tashata har ƙarshen layi. Shekara nawa ina koya wa yara yadda ake ɓoye mai ba da labari, sai ga shi na zana fuskarka da hannuna don in tsokane ka. Ni tsagarka ba na ganinta, Ilya, tun muna yara a lakwal, 'yan makaranta, na daina ganinta. Ka yafe mini.

Kuma ga ni zan roƙe ka wani abu, ba kunya. Kamfanin ya kai mu kotu a Lyon, wai mun ɓata masa suna. Mai buga mana jarida ya ce ba zai ƙara taɓa aikinmu ba sai an gama shari'a. Shaguna da dama sun sauke ta daga kanta. Mamadu ya koma gida Kayes, a Mali, sauran abokan aikinka kuwa ko waya ba sa ɗauka, ban ga laifinsu ba. Lauyarmu ta ce in babu mutum ɗaya daga ciki da zai tsaya ya ce haka ne, mun faɗi. In mun faɗi, Escalier B ta mutu, kuma duk wanda zai sake rubuta irin wannan sai a nuna masa mu.

Tunda sun riga sun san kai ne, me ya rage a ɓoye? Ka zo ka faɗa da bakinka. Na san abin da nake tambaya.

Naka,
Sabi'u

*

Vénissieux, Afrilu 2007

Sabi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Sun neme ni. Wannan karon da lauyansu, har aka ba ni kofi. Suka ce aikina na nan, kuma za su ba ni takardar da prefektir, ofishin takardun baƙi, ke nema don sabunta zamana. Abin da suke so kaɗan ne: in sa hannu cewa ban taɓa yi maka maganar aiki ba, kuma ban taɓa ganin bambanci a wurin ba. In kuma maimaita haka gaban alƙali.

Na dawo gida na tarar Fatsima zaune a ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya sa takalmi. Ban gaya mata ba. Washegari na koma na sa hannu.

Saboda haka za ka gan ni a kotu, amma a ɗaya gefen. Na so ka ji daga gare ni.

Na san kaset ɗin na wurinka, da muryata da sunana, har da kukan tukunyar Fatsima a baya. In ka sa shi, ka ci shari'a, ni kuma na zama wanda ya yi wa kotu ƙarya, ba aiki ba takardu. In ba ka sa ba, kai ne maƙaryacin. Ba na roƙon ka komai. Aikinka ne, ka fi ni sanin abin da ya kamata.

Allah ya sa mu dace.
Ilya

*

Paris, Yuli 2007

Ilya,

Ina fatan kuna lafiya. Na ji an sauka, mace. Allah ya raya, ya ba uwar lafiya.

Kwat ɗin da ka sa a kotu ya yi maka yawa a kafaɗa, na wane ne? Abin da na tsaya kallo ke nan duk lokacin da kake magana. Kaset ɗin na cikin aljihuna na hagu. Da ka ce “ban taɓa ba”, lauyarmu ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta sake takawa don in fito da shi, ban fito da shi ba. Da alƙali ya tambaye ni wa ya ba ni labari, ka ji abin da na ce, ɗan jarida ba ya faɗin wannan. Lauyan kamfanin har murmushi ya yi, ga ka zaune gabansa da tsagarka.

Hukunci ya fito makon jiya. Mun faɗi. Ban da tara, an ce mu buga hukuncin a shafin farko, kowa ya karanta cewa ƙage muka yi. Ni da Fatou muka zauna a bayan shagon, can ta tashi ta cire wayar kwamfuta daga bango. Jaridar da ba ta fita ba, ba ta da shafin farko. Fatou ba ta yi mini magana ba tun ranar, tana da gaskiya.

Kaset ɗin na zare zarensa a tashar jirgi kafin in baro Lyon, na zuba a shara. Ka yi barcinka.

Kada ka ɗauka jarumta ce. Na yi ta jira in ji wani abu, baƙin ciki ko sauƙi, har yau shiru. Editan nan ya kira ni jiya, an ƙona motoci a wata unguwa. Na ce ina zuwa.

Ka shafa mini kan jaririyar.
Sabi'u

*

Vénissieux, Satumba 2007

Malam Sabi'u,

Salamu alaikum. Na samu wasiƙarka. Takardu sun fito, shekara ɗaya. An yi sunan yarinyar lafiya. Kwat ɗin na maƙwabcina ne.

Na koma ɗakin sanyi. Komai na nan yadda yake. An kawo sabon mutum, Youssouf, daga Tawa, ya girme mu, yana da 'ya'ya huɗu a gida. Da muka sauka hutu ya zauna kusa da ni jikin injin, ya daɗe yana kallon fuskata. Sai ya matso ya ce a kunnena, ba kai ne na cikin jaridar nan ba? Ya ce a Barbès ya karanta, ya ɗauka an gyara wurin tun tuni, shi ya sa ya karɓi aikin.

Na ce masa ba ni ba ne. Na nuna masa yadda ake sa safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya.

Wassalam.
Ilya