Inda Kike Gyara Gammo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin sauƙi a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Ina rubutawa ne saboda ke kaɗai ce za ki gane abin da ya faru, kuma ina barinta a buɗe saboda cikin masu karantawa akwai waɗanda har yau suke fushi da ni.

Inna, an ba da Unguwar Injin. Wani kamfani ne ya karɓa, zai gina rumbunan ajiye hatsi da shaguna da tashar mota.

Kin fi ni sanin wurin lokacin da yake da rai. Ni ƙarshensa na tarar. Ina iya tuna jiniyar safe, da motocin da suke fita da dilolin auduga zuwa masaƙun Kano, da yadda farin gashin auduga yake maƙale wa bishiyoyi har su yi kamar sun yi furfura. Ina tuna ɗakinmu a barikin leburori, da Baba yana dawowa da warin angurya a rigarsa. Kina cewa lokacin da ya kawo ki daga ƙauyenku na wajen Watari, kin yi kwanaki ba ki iya cin abinci ba saboda ƙarar injin gurza.

Sai shekarun wahala suka zo. Masaƙun suka daina saye, injin ya tsaya, aka ce wa su Baba za a kira su bayan damina. Har ya rasu ba a kira su ba. Muka koma cikin gari. Aka kwashe waya, aka yaye kwano, aka sayar da ƙarafa a sikeli. Kin san ƙasarmu, babu taƙi ɗaya da ake bari ba noma. Mutane suka shiga filin da fartanya, kowace damina a ɗan matsa gaba, har gero ya hau kan ƙaramar maƙabartar da ma'aikata baƙi suka yi wa kansu. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a nome ta. Yunwa ce kawai, da mutuwar waɗanda suka san iyakarta.

A cikinta 'yarki ta fari take, wadda ƙyanda ta ɗauke kafin a haife ni. Ba ki taɓa faɗin sunanta ba, don alkunyar ɗan fari ba ta ƙarewa da mutuwa. A bakin Baba na ji shi. Mace kuma ba ta bin gawa, don haka duk abin da aka faɗa miki shi ne tana bayan sito. Sito kuwa ba ɗaya ba ne a filin nan, kuma yanzu duk harsashinsu kawai ya rage.

Ba zan ɓoye miki halin da ake ciki ba. Rayuwa ta yi tsanani fiye da wancan lokacin da kika sani. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Samarin unguwarmu sun watse, wasu Kano, wasu ramin haƙar ma'adinai. Autanki Sabi'u ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi, matarsa kuma ga ciki ya tsufa. Kamfanin ya yi masa alkawarin aikin gadi. Duk garin nan a kan aikin nan idonsa yake.

A haka na miƙe a taron ƙofar gidan Mai unguwa na ce akwai kaburbura a filin. Kin san ni ba mai magana a taro ba ne. Amma na faɗa. Injiniyan kamfanin ya amsa da ladabi, ya ce ba za su yi gini a kan mamata ba, amma kuma ba za su tsaya jiran abin da ba a san inda yake ba, don an yi musu tayin wani fili ta wajen Makoda. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam Habibu, ko dai ka nuna mana wurin, ko ka bar mutane su ci abinci."

A hanyar gida Sabi'u ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya, ko ganin yarinyar fa ba ka taɓa yi ba. Nawa ɗan kuma yana nan tafe." Ban ga ƙarya a maganarsa ba.

Na bi tsofaffin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce gabas, wani ya rantse arewa, wani ya fara ba ni labari sai ya koma zancen farashin auduga. Na buɗe littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum tun ina sakandare. Akwai ranar da aka yi ruwan shuka a kowace shekara, akwai ranar da fara ta sauka, amma babu layi ɗaya a kan wannan.

Abu ɗaya ya rage mini, wato hanyarki ta zuwa rijiya. In bazara ta yi nisa rijiyoyin gari suka ƙafe, ta injin ce kaɗai take da ruwa. Duk mata miƙewa suke yi ta tsakiyar fili. Ke kuwa sai ki karkata, ki yi kwana ta wajen tsohuwar kuka, ki ƙara wa kanki tafiya. Na zauna na yi lissafi na ce ashe gudun taka kabari kike yi, don haka kaburburan suna cikin tsakiyar kwanar da kike zagayewa. Na zana a takarda, na sake zanawa, har na yarda da kaina.

Liman ya ba da izini da sharaɗi. Ya ce a kankare ƙasar sama kawai, in aka taɓa tukwanen da ake jerawa a rufe mamaci, a tsaya nan take a mayar.

Ranar da aka sa, katafila tana gefe injinta a kunne, direban yana zaune a sama yana shan rake. Rabin garin ya fito. Na nuna wurin, aka fara. Aka tona nan, aka tona can. Ban da guntun bulo da wani tsohon ƙarfe mai tsatsa ba abin da ya fito. Direban ya tofar da tuƙar rake ya ce, "Malam, anya mutanen naka ba su ma sun tafi ci-rani ba?" Wasu suka yi dariya, Liman ya tsawatar. Mai unguwa ya ce da an yi la'asar za a shiga aiki, ya yi iyakar abin da zai iya.

Na je na zauna a bakin rijiyar, wadda yanzu an rufe ta da siminti. Inna, ban taɓa jin na raina kaina kamar lokacin ba. Na ce wataƙila ma babu wata kwana, yarinta ce ta ƙirƙira mini. Na ce na kusa kore wa gari abinci a kan zato.

Sai wata mata da take kai wa leburori ruwa ta wuce, ta tsaya ta ɗan ɗaga jarka ta gyara gammonta, ta ci gaba. Ko sauke kayan ba ta yi ba.

Ke saukewa kike yi. A kan hanyar dawowa, tulu cike, ba a yi wata tafiya ba, sai ki durƙusa ki ajiye shi a ƙasa ki ce, "Wannan gammon ba ya jin magana. Yi gaba, ina zuwa." Kullum a wuri ɗaya. Kuma ba a inuwar kukar ba, kafin a kai gare ta, a cikin rana tsaka. Wace mace ce za ta sauke tulu cike inda ba mai ɗora mata, ga inuwa tana kallo? Ina waiwayowa in gan ki kin warware tsumman kina naɗewa a hankali, bakinki yana motsi. Na ɗauka mita kike yi.

Ashe ba gudun wurin kike yi ba. Zuwa kike yi.

Na tashi na koma wurinsu. Na ce na yi kuskure, a ƙara mini tona ɗaya. Mutane suka fara gunaguni, injiniyan ya duba agogo. Ni kaina ban tabbata ba, don kukar ma an sare ta, kututture kawai na bi na auna da ido. Sabi'u ne ya fizgi fartanya daga hannun wani lebura. Ya ce bari ya tona da hannunsa, in ya so kowa ya huta da ni.

Bai yi nisa ba muka ji ƙarar. Ba ta dutse ba ce, kowa a wurin ya san ta. Ya ajiye fartanyar ya sa yatsu ya share ƙasa. Bayan tukunya ne, a kife, da wata a jikinta, jerin bai fi tsawon kamu biyu ba. Direban ya sauko ya kashe injin ba tare da an ce masa ba. Aka kankare gefe a hankali, sai ga wasu, dogaye da gajeru, duk sun dubi gabas. Sabi'u ya mayar da ƙasar da tafin hannunsa, yana daddanna ta kamar mai gyara wa yaro shimfiɗa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Kamfanin bai tafi ba. Sun cire turakun awonsu sun matsa, ƙofar tashar ta koma yamma. Amma layin shaguna guda ya fita daga tsarin ginin, kuma waɗanda suka sa rai da shi in na yi musu sallama ciki-ciki suke amsawa. Ban ga laifinsu ba. Ana zagaye wurin da katanga yanzu, Sabi'u yana cikin masu ɗaukar bulo kafin a fara gadin.

Gajerun kaburburan suna da yawa, Inna. Shekarar ƙyandar ba ke kaɗai ta taɓa ba. Ban san wanne ne nata ba, kuma ina jin ke ma ba ki sani ba. Gefen kawai kika samu, kika riƙe shi duk shekarun nan ba ki gaya wa kowa ba. Jiya da safe na je na durƙusa daidai inda kike ajiye tulu, na yi abin da al'ada ta hana bakinki. Na kira ta da sunanta. Na ce Maryama, uwarki ba ta taɓa wuce ki ba ta tsaya ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya jiƙan Baba, ya jiƙan baƙin da suka zo neman abinci suka kwanta a wannan ƙasa. Allah ya sauki matar Sabi'u lafiya, ya sa wannan sabon gini ya fi na farko daɗewa. Ya sa 'yarki ta tarbe ki a inda babu rana babu kaya a ka, ki kira ta da bakinki.

Ɗanki mai roƙa miki gafara kullum,
Habibu