Yatsan Baba Kalli

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Baba Kalli, sakataren ƙungiyar manoman fadamar Katuzu, ya sake kira daga Gashua. Wai manhajata ta tsaya. Aikinta ɗaya ne tak: a rubuta mata umarni a baƙin allo, ta tura wa kowane manomi saƙon waya ya san ranar da injin ban-ruwa zai zo gonarsa. A kwamfutata mai Linux kafin in kurɓi shayi ta gama. A tasu mai Windows sai ta tura ashirin ta ƙame.

Na ce, "Baba, a wajena lafiya ƙalau take." Ya ce, "To ai ba a wajenka albasar take ba."

Laraba, 15 ga Janairu

Na ari kwamfuta mai Windows wajen Ajimi mai gyaran waya. Sau goma na gwada, ko tari ba ta yi ba. Ke nan matsalar tana kan kujerar Gashua.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mutum uku sun rasa ranarsu, barkononsu ya yi yaushi. Shugaban ƙungiya ya ce in ba ta gyaru ba zuwa Litinin, Ikrima za a ba aikin. Ikrima! Don dai yana da takardar jami'a. Ni da na koya a waya mai tsagaggen gilashi, shi ke nan ba mutum ba ne.

Asabar, 18 ga Janairu

Gashua. Na ce Baba Kalli ya yi yadda ya saba, ni ido ne nawa. Ya yi bismilla, ya rubuta umarnin daidai. Sunaye suka fara zubowa. Sai ya ja linzamin kwamfuta ya ɗora kan suna, ya danna. Cak! Ashe a baƙin allon nan, da an danna ciki sai ya ɗauka rubutu za a kwafa, ya riƙe manhajar har sai an sake shi.

Na ɗaga murya, har mai shagon gefe ya leƙo. "Wa ya ce ka taɓa?"

Bai ko kalle ni ba. "Ɗana, gudu suke, ni kuma da yatsa nake karatu. Bara aka tsallake Gogo a takarda. Mijinta ya rasu, ba mai tambaya mata. Tumatirinta gaba ɗaya ya bushe."

Ban ci abincin da ya aiko aka sayo ba. Haushi. Na wa, oho.

Lahadi, 19 ga Janairu

Layi huɗu na rubuta a cikin manhajar, gyaran ke nan. Yanzu da ta tashi sai ta kashe wancan tsarin da kanta. Na ƙara: in ta gama, ta jera sunayen da manyan baƙi, ta jira shi.

Litinin, 20 ga Janairu

Manhajar ta tafi tiryan-tiryan a gaban shugaba. Na miƙe zan kama motar Nguru in koma gida, Baba ya ce in zauna. Yatsa a kan gilashi, suna bayan suna, kusan rabin awa.

Sai ya ce, "Ina Gaji?"

Na duba. Ita ce ta ƙarshe a jerin manoman ƙungiya, kuma manhajata ba ta karanta layin ƙarshe. Tun ranar farko. Har a kwamfutata.

Shugaba ya ce mene ne. Baba ya ce, "Ba komai, yaron nan yana ƙarasa aikinsa ne."

Na gyara a nan take. Ya ce in riƙa zuwa duk Asabar muna dubawa tare. Na ce zan ga hali.

Ranar Asabar motar ƙarfe bakwai ta fi, akwai wuri a gaba.