Kalmar Paraska

Litinin, 3 ga Oktoba, 1938, Saskatchewan, Kanada
Yaran makarantarmu sun samo sabuwar kalma, “gotch”. Ɗan kamfai suke nufi. Har ’ya’yan Ingilishi sun ɗauka, suna ta tsokanar juna da ita. Ina ji na gane ta. Gachi ce, kalmar Mama, wandon ciki da take shanyawa a bayan gida. Bakinsu ne ya lanƙwasa ta.

Laraba, 5 ga Oktoba
Hedimasta Fenwick ya ji. Ya ce ashar ce ta ’yan Yukiren, sai ya gano wanda ya kawo ta. A nan ni Helen Marsh ce. Babu wanda ya san ainihin sunana Olena Marchuk ne, ’yar Yukiren. Da sun sani, da ba su ba ni aji ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba
An ce Paraska Dutka ce, ’yar shekara tara a ajina. Gobe bulala a gaban kowa, sannan kora. Ta ce wa hedimasta, “Yallaɓai, ba zagi ba ne.” Ya ce, “Rufe mini baki, wa zai shaide ki?” Ina tsaye a wurin. Allo na yi ta gogewa.

Juma’a, 7 ga Oktoba
Har ya ɗaga bulalar. Ban san lokacin da na ce, “Yallaɓai, wandon ciki kawai take nufi. Gachi. Haka kowace uwa take faɗa a can” ba.
Ya sauke hannu. “A ina kika san wannan, Malama Marsh?”
Na ce, “A gidanmu.”
Wata yarinya ta yi dariya, ta toshe baki. Ba a daki Paraska ba.

Talata, 11 ga Oktoba
Hukumar makaranta ta zauna. Zan ƙarasa zangon nan, daga nan ba sa bukatata. Misis Pruitt, matar da nake haya a gidanta, ta daina zama teburi ɗaya da ni.

Asabar, 15 ga Oktoba
Na haɗu da mahaifiyar Paraska a kanti, cike da mutane. Ta kama hannuna, ta gaishe ni da yarenmu, ta ce, “’Yata, kin rame.” Na amsa mata da shi. Shekara shida rabona da yaren. Sai da na fito na lura ban ko rage murya ba.