Na Haɗe Gayaunar Matata da Gonar Gyaɗa

Gwaggo Saudatu, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cikina ya fi ƙarfina kuma ba ni da wanda zan gaya wa a garinmu. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Ni manomi ne a Dingaya ta ƙasar Gwaram. Gandu ɗaya muke nomawa da yayana Ishiyaku, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. A gefen gonar akwai 'yar gayauna da marigayin ya yankar wa matata Barira. Wake take sawa, da kuɓewa da riɗi da kabewa. Ban taɓa ɗaukar wurin a bakin komai ba, ni dai na san miya ba ta yankewa a ɗakinmu.

Shekara biyu ke nan aka kawo motar noma haya. Direban ya ce shi ba zai tsaya kewaye wani ɗan fili kamar tabarma ba. Yaya ya dube ni, ni kuma na ce a haɗe. Wallahi ko shawartarta ban yi ba, sai zuwa ta yi ta tarar an birkice wurin. Muka zuba gyaɗa har a wurin nata, ciwo ya faɗa wa gyaɗar, ko iri ba mu mayar ba. Gero kaɗai ya shiga rumbu.

A kakar nan aka yaye ɗanmu Hadi. Koko da safe, koko da rana, tuwo da miyar kuka tsura. Da damina ta kama sai yaro ya fara cika, kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Mutane na cewa tubarkalla, ni kuma ina washe baki. Barira ce kaɗai ta ce wannan ba ƙiba ba ce, ta danna ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Na ce ta cika mugun baki. Sai da gashinsa ya yi ja, ya daina ko kuka, sannan muka hau mota zuwa asibitin Birnin Kudu. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Malamar asibitin ta tambaye ni abin da yake ci, na faɗa mata. Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ƙanwarsa Zuwaira tana shekara ɗaya da wata uku, Barira kuma ta sami ciki, tsofaffi sun ce a cire yarinyar daga nono. Ga hadari ya fara haɗuwa, Yaya ya riga ya yi magana da mai motar. Da na taɓo zancen gayauna ya ce noman mata ƙauyanci ne, mutuwa kuma ta Allah ce, in na ga dama in ware. Barira ba ta roƙe ni komai ba. Rannan na gan ta tana shuka wake a fasassun tukwane a bayan ɗaki, kunya ta sa na juya.

Gwaggo, ni na kashe yaron nan? Tsoro nake ji, kullum sai na danna ƙafar Zuwaira.

Naki, Mai Nadama, Dingaya.

*

Ɗana Mai Nadama, Allah ya ba ku haƙuri, kai da Barira.

Rai na Allah ne, kuma ba ka nufi ɗanka da sharri ba. Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Ciwon nan tamowa ne, yana kama yaron da cikinsa ke cika da gero zalla, babu wake, babu gyaɗa, babu ƙwai ko madara. Rashin sani ya kai ka bara. Bana ka sani.

Yayanka ba mugu ba ne. Gida yake son ya cika da hatsi, wataƙila kuma shi ma abin na cinsa shi ya sa ba ya son zancen. Kada ka yi saurin warewa. Ka same shi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, a tuna masa cewa wurin kyautar mahaifinku ce ga Barira, ba na gandu ba ne. Ka kafa turaku a kan iyaka kafin mota ta iso, ka ɗauki garma ka yi hudar da hannunka. In an yi maka dariya, ka shanye.

Sai dai wake na son wata uku, Zuwaira kuwa ba za ta jira ba. Daga yau a daka ƙuli-ƙuli a dama mata cikin koko. Damina ce, zabi na ƙwai, a dafa mata ɗaya. A sa zogale a miya. Kada a tsinke mata nono rana ɗaya, ciki ba ya mayar da nono guba. Barira ma ta ci irin abincin nan, mutum uku take ɗauke da su. Ka kai su asibiti a auna su a makon nan, kada ka jira sai ƙafa ta lotsa.

Saura mai wuyar. Ka shiga ɗaki ka zauna, ka ce wa matarka ita ce ta yi gaskiya, ka nemi gafararta da bakinka. Shekara guda tana makokin ɗanta ita kaɗai alhali ubansa yana gidan.

Allah ya sa Hadi mai ceto ne, ya raya Zuwaira, ya sauki Barira lafiya.

Gwaggo Saudatu